Saƙon Da Ya Ƙi Sauka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa da abin da ke yawo a iska.

'Yan matan Islamiyyarmu sun tambaye ni sana'ar da na yi a gidan miji, na ce musu neman sabis. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ta ɗaga wayarta ta ce, "Malama Asabe, ai sabis ba a neman shi, shi ka zowa." Ban ga laifinta ba. Wanda aka haifa a cikin jirgi bai san wahalar iyo ba. To ku zauna ku ji.

Aikina na farko duba sakamakon jarrabawar wata yarinya ce daga Lafagu. Maigidana, Malam Sani, ya taɓa riƙe kafe a Bagudo, da wani ƙaton faifan ƙarfe a kan rufi yana fuskantar sama, yana ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam. In hadari ya haɗu sai aiki ya tsaya, kowa ya naɗe hannu. Da Shari'a ta kafu, mata suka daina shiga cikin maza a kafe, sai su aiko da takardunsu ta hannun ƙannensu, a dawo musu da suna a karkace. Da muka koma Illo sai ya ajiye tsohuwar kwamfuta a ɗakina ya ce, "Kin yi sakandare, ki kama ma mata." Ranar yarinyar nan na rubuta adireshin shafin na bar harafi ɗaya, sai farin allo ya fito fes. Na kira shi na ce kwamfuta ta lalace.

Ya tsaya a bakin ƙofa saboda baƙuwa, ya ce, "Lahiyarta lau. Shafin ga da kike biɗa ba shi cikin akwatin ga. Shina can wata ƙasa, cikin wata kwamfuta da ba ta barci, ita aka ce ma saba. Ke dai aike kike yi. In kin rubuta adireshi, kin gaya ma mai fito sunan tungar da za shi. In kin ɓata suna, ina za shi kai ki?"

Da fito ya koya mini komai, don mu mutanen bakin kogi ne. Ya ce saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Rarraba shi ake yi ƙulli-ƙulli, kamar kayan amarya da aka zuba a jirage daban-daban, kowane ya bi hanyarsa, sai a mashaya ta can a harhaɗa su. Rubutu ƙullin gishiri ne, ko ƙaramin kwale-kwale ya ɗauka. Hoto buhun shinkafa ne. Murya da bidiyo kuwa shanu ne, sai babban jirgi da ruwa mai zurfi. Wannan karatun ya fi mini amfani fiye da duk abin da na hardace a aji.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai kwamfutar, da ƙaramin janareto mai tari, da modem, wani ɗan abu kamar yatsa da ake sa wa layin waya a ciki, yana ɗauko sabis daga ƙarfen kamfani da ke bayan gari. A cikin ɗaki ba ya kamawa. Sai muka ƙara masa doguwar igiya, muka ɗaure shi a kan gora, muka kifa masa tsohon kwanon silba a baya don ya tattaro masa iska. Ina juya gora a tsakar gida, mai jiran aiki tana leƙen allo tana cewa, "Ya zo! Ya tahi! Koma baya kaɗan!" Daga baya da wayoyi masu shafawa suka shigo, sai na riƙa rataye waya guda a saman gorar cikin 'yar jaka, ita ta kamo, ta raba wa sauran wayoyin da ke ƙasa ba tare da igiya ba.

Sannan ga iyaka. A Illo iska biyu ce. In kin matsa yamma kaɗan, sai wayarki ta saki Najeriya ta kama Benin, ta gaishe ki da Faransanci, ta lashe katinki kafin ki gama sallama. Dole mai wannan sana'a ta riƙe layi biyu, ta kuma san wane lungu ne na wace ƙasa. Bayan rumbunmu Benin ne. Gindin turmi Najeriya.

Masu zuwa wurina yawanci matan masunta ne da matan Fulani waɗanda mazansu ke tsallaken iyaka. Wata dattijuwa ba ta taɓa zama gaban allo ba sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ba ta san wa ke ciki ba. Matan masunta su suka raɗa wa alamomin saƙo suna. Ɗan agogon nan da ke nuna saƙo bai bar wayarki ba, suna ce masa "jirgi na gaɓa". Alamar da ke fitowa in ya tafi kuwa ƙugiya suke ce mata. Ƙugiya ɗaya, an jefa. Ƙugiya biyu, ya kama. Wasu a wurina suke barin wayoyinsu, don a tunga babu caji babu sabis, sai ranar kasuwa su zo su ji abin da ya sauka.

A cikinsu akwai Dije, matar wani masunci mai suna Audu. Mutum ne mai barkwanci, bai iya rubutu ba, sai murya yake aikowa, kullum yana farawa da, "Malama, toshe kunnenki." Wayarsa a cikin leda take, rataye a wuyansa, ko wanka zai yi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta babban ruwa. Azumi ya faɗo cikin damina, kogi ya cika ya haura gonakin shinkafa, hanya ta yanke. Motar da ke kai wa ƙarfen sabis mai ta kasa zuwa, ƙarfen ya yi shiru. Layin Najeriya ya mutu murus, sai na Benin da ke leƙowa kamar numfashin marar lafiya. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, Audu ya kai bandar kifi tsallaken Benin. A can ya ɗauki fiton mutane, jirgin ya kife. Waɗanda suka tsira sun ce sun ga ruwa ya rufe kansa bai ɗago ba. An yi nema har aka gaji, ba a ga gawa ba. Liman ya ji shaidu, aka yi masa salla, Dije ta shiga takaba. Tungarsu ma ruwa ya ci, suka dawo Illo suka raɓa a gidan dangi, ita da uwar mijinta, Inna Tumba.

Wata safiya, bayan Sallah da 'yan makonni, na rataye waya mai layin Benin a gora, na jera wayoyin mata a kan faifai kamar yadda na saba. Ina tankaɗe sai ɗaya ta yi ƙara. Ta Dije ce. Na duba, sai ga sunan da na rubuta mata da hannuna: Maigida. Saƙon murya. Ranar da ke jikinsa kuwa ta yau ce, ba ta wancan watan ba. A ƙarƙashin sunan an nuna yana kan layi. Ina kallo alamar ta ɗauke.

Na ajiye rariya na yi ta'awwuzi. Na danna saƙon, 'yar da'irar nan ta fara juyawa, ta juya, ta juya, ta tsaya. Sanarwar ta iso don ita ƙullin gishiri ce. Muryar kuwa tana can tsallake, babu jirgin da zai ɗauko ta.

Amanar mutum ba a ɓoye masa, don haka na aika gidan da su Dije suke. Ban yi zaton Dije za ta fito ba, tunda mai takaba ba ta yawo. Sai ga Inna Tumba ta jawo ta da hannu, tana sanye da zanen takabarta, kai ba kitso, da 'yar wuƙar nan da ake ba masu takaba a hannunta, wai don kada kurwar mamaci ta raɓe su. Al'ada ce, ba addini ba, amma ba ranar gyara ba ce.

Audu ɗan farin Inna ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta ce, "Malama, gwada min wurin da yaron ga yay yi magana."

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon allon, ita da ba ta karatu.

"Na gaya musu," in ji ta. "Mu Sarkawa, masunta tun kaka da kakanni, ruwa ba ya cin mu haka nan. Mutanen ruwa sunka riƙe shi. Kakanshi ma sun taɓa riƙe shi, yad dawo da gemu har ƙirji. Wayar tana wuyanshi, ko ba ta wuyanshi? To daga ina ta ka magana in ba daga can ƙasa ba?" Ta juya ga Dije. "Ke kuma tuɓe min tsumman ga. Ba a takabar rayayye, mugun fata na."

Dije ba ta tuɓe ba. Da muryar nan ta masu takaba, ƙasa-ƙasa, ta ce mini, "Yaya, ke kin san abin ga. Ni mi nike yanzu? Matar aure ko mai takaba?"

A nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa sabis shi ke zuwa. Intanet ba ta san mutum ba, waya ta sani. In an ce wane yana kan layi, ba a ce yana numfashi ba, an ce wayarsa ta samu wuta da sabis. Na gaya mata haka. Na ce ko dai yana raye ya aiko, ko kuma wayar ce ke raye. Gaibu na Allah ne, ni ba zan yanke ba sai mun ji da kunnenmu.

Inna ta ce, "Wayar da ac cikin ruwa? Malama, boko ya yi miki yawa."

Na yi duk dabarar da na sani. Na ƙara wa gora tsawo da wata gorar. Na kashe sauran wayoyin don kada su raba ɗan abin da ke shigowa. Na koma bayan rumbu. Da'irar ta kan cika rabi, ta tsaya, ta koma farko. Kwana biyu muna haka. Labari ya zaga gari, mata suka riƙa shigowa da sunan aron rariya, suna tsayawa nesa da faifan. Wasu suka zo suka kwashe wayoyinsu, wai ba sa so su kwana kusa da waccan. Inna ta ce in muryar ba ta sauka ba zuwa Juma'a, za ta sa a yi kiran ruwa irin na kakanni, ta kuma cire wa Dije takaba da hannunta. Dije kuwa ta daina cin abinci sosai. In ta ci gaba da takaba, ta yi wa mijinta fatan mutuwa a idon uwarsa. In ta bari, kuma ya tabbata ya rasu, ta keta haddin Allah.

Wuri ɗaya ya rage. Yamma da gari akwai tudun da layin Benin ke kamawa sosai, don daga samansa ana hango ƙarfensu. Sai dai tsohuwar makabarta ce a jikinsa, ba a binnewa a cikinta tun kafin a haife ni. Kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne rana tsaka, sa'ad da mutanen tsallake suke hutawa, masu ɗora wa ƙarfen kaya suka ragu. Kun san kuwa abin da ake faɗa a kan rana tsaka da irin waɗannan wurare. Malam Sani ya ba ni izini, ya raka mu har gindin tudun ya tsaya a can. Liman kuma ya ce lalura ce, Dije tana iya fita ta dawo kafin la'asar.

Muka hau mu uku. Na yi wa mazauna wurin sallama kamar yadda aka koya mana. Babu iska, babu kukan tsuntsu, inuwar kowa tana ƙarƙashin ƙafarta. Ruwa ya shafe duk fadamar da ke ƙasa, sai kawunan giginya ke leƙowa. Na sa layin Benin a cikin wayar Dije kai tsaye, na ɗaga ta sama da hannu biyu. Sandunan sabis suka hau. Da'irar ta fara juyawa, ta wuce rabi, ta yi jim kamar za ta koma, sai ta cika.

Na miƙa wa Dije. Ta girgiza kai. Ni na danna.

Abin da ya fara fitowa ba muryarsa ba ce. Ƙarar ruwan sama ce a kan kwano, alhali rana tana dukan ƙeyarmu. A bayanta kuma, can nesa, ladan yana kiran sallar magariba. Inna ta kama hannuna, farcenta ya shige ni. Sai ya yi gyaran murya, ya yi 'yar dariyar nan tasa.

"Salamu alaikum. Malama, toshe kunnenki. Dije, barkanku da shan ruwa. Kihi ya saidu sarai, har na sai miki atamfar Sallah, kada ki ce ban iya zaɓe ba. Nan babu sabis, ga agogon ga ya tsaya min, amma in ta samu hanya ta taho. Caji ya ƙare, za ni bar ta wurin mai caji bakin mashaya, gobe in na kai fito na dawo in amsa. Ki ce ma Inna ta bar aje min hura, tsami ta ka yi. To, a sha ruwa lahiya."

Ya ƙare.

Ba wanda ya buƙaci bayanina. Wa ke cewa barka da shan ruwa bayan Sallah ta wuce da makonni? A cikin azumi ya yi maganar, a jajibirin ranar da jirgin ya kife. Saƙon bai taɓa barin wayarsa ba, jirgi ne na gaɓa. Yana nan kwance a shagon mai caji, har ranar da wani ya kunna wayar, ta samu sabis, ta cika aiken da aka ba ta.

Inna Tumba ta saki hannuna. Ta zauna a kan ƙasa, ta dubi ruwan da ke ƙasa, ta ce, "Audu." Sau ɗaya ta faɗa. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Can ta ce, "Dije, ɗiyata, gyara lulluɓinki."

Dije ta gyara. Sannan ta ajiye 'yar wuƙar a ƙasa, ta karɓi wayar ta ce, "Yaya, ina aka dannawa?"

Na ce, "Dije, ba shi zai ji ba."

"Na sani. Amma ya gaishe ni. Ba a barin gaisuwa a ƙasa."

Na ɗora mata yatsa a wurin. Ta kai wayar bakinta ta ce, "Wa alaikumus salam. Barka kadai. Allah Shi karɓi ibada." Ta saki. Muna kallo agogo ya fito, ya koma ƙugiya ɗaya. Kafin mu sauko daga tudun ta zama biyu.

Da yamma wani mutum ya kira wayar Dije yana Dendanci, Malam Sani ya yi magana da shi. Mai cajin ne. Ya ce mai wayar ya bar ta da wani ƙunshi bai dawo ba, shi kuma ya kunna ta ne don ya nemi danginsa. Da ruwa ya janye aka kawo su duka biyu, wayar da ƙunshin atamfar. Liman ya ce idda daga ranar rasuwa take lissafi, babu abin da ya ɓaci. Dije ta cika takabarta, ranar da ta fita kuma atamfar ta ɗaura. Ya iya zaɓe.

Na ci gaba da sana'ar har aka kafa sabon ƙarfe a tsakiyar gari, kowace mace ta samu sabis a kan gadonta, gorar ta koma shanya. Amma har yau in waya ta yi ƙara ina tankaɗe, sai na ajiye rariya na yi bismilla kafin in duba suna. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa saƙon da za mu bari a gaɓa ya zama sallama ce.